Littattafan Malam Umaru Falke a Bakin Tafkin Mishigan

Idan malami ya rasu a ƙasar Hausa, akan raba gida da gona da tufafi, sannan a zo kan littattafai. A nan aiki yake cakuɗewa. Littafin da aka rubuta da hannu ba shi da tsayayyen farashi a kasuwa, magada kuma ba dukkansu ne suka yi karatu ba. Sai a bi hanyar da ta fi sauƙi. Wanda ya gaji buzu ya kwashi manyan littattafan fiƙihu da tafsiri, wani ya ɗauki Alƙur'ani don tabarruki, almajirai su roƙi abin da za su roƙa. Kundin laƙani kuwa yakan shige hannun wanda ya san darajarsa, sau da yawa tun ba a yi sadakar bakwai ba. Abin da ya rage, wasiƙu da guntattakin takardu da warƙoƙin da suka rabu da 'yan uwansu, a zuba a adaka a tura ƙarƙashin gado, gara ta zo ta karɓi nata kason.

Babu wanda ya ci haƙƙin wani a wannan rabo. Shari'a ce ta ba kowa nasa. Amma abin da mutum ya yi shekaru 40 ko 50 yana tarawa ya tashi daga zama abu guda, kuma babu mai iya sake haɗa shi.

Littattafan Malam Umaru Falke na Kano ba su bi wannan hanya ba. An haife shi a 1893, ya rasu a 1962. Yana ɗan shekara 10 Turawa suka ci Kano, ya ga zuwan jirgin ƙasa, ya ga tashin dalar gyaɗa, ya ga saukar tutar Ingila. Bafatake ne kuma malami, Batijjane, cikin jerin malaman Kano da suka karɓi failar Shehu Ibrahim Inyas. Ya karantar, ya yi talifi, ya kuma tara littattafai. Yau abin da ya tara yana jere cikin akwatunan kwali a garin Evanston da ke bakin Tafkin Mishigan, arewa da birnin Shikago na ƙasar Amurka, a ɗakin karatun Herskovits na Jami'ar Northwestern. An ƙirga su guda 3,323, kuma kusan kashi 90 cikin 100 rubutun hannu ne na asali, ba hoto ba, ba bugun inji ba.

Yadda suka isa can ba shi da tsawon labari. Melville Herskovits ya buɗe shirin nazarin Afirka a wannan jami'a a 1948, aka kafa ɗakin karatun da yanzu ke ɗauke da sunansa a 1954, ya kuma bunƙasa har ya shiga sahun gaba a duniya wajen tara abin da aka rubuta a kan Afirka. John Paden, wanda ya zauna a Kano a shekarun 1960 yana bincike kan addini da siyasa, daga baya ya rubuta tarihin Sardauna, yana koyarwa a Northwestern a lokacin. Ta hannunsa littattafan Falke suka isa jami'ar wajen 1970. Shi ma yana da nasa tarin mai guda 606 a wannan sashe. Akwai na John Hunwick, akwai kuma kwafe-kwafen da aka kawo daga Jami'ar Gana. In an haɗa duka sun haura 5,000.

Abin da ke cikin akwatunan

Wanda ya tashi a zaure ba zai ga baƙon abu a kashi mai yawa na tarin ba. Fiƙihun Malikiyya ne, da tauhidi, da nahawu, da lugga, da madahu, da tasawwufi, wato fannonin da almajirin ilimi yake bi daki-daki tun daga Ahalari da Iziyya da Risala har ya kai Muhtasar, in Allah ya ja kwana. Akwai Alƙur'anai rubutun hannu. Akwai rubuce-rubucen shugabannin jihadin Sakkwato. Akwai waƙoƙin Hausa cikin ajami, akwai talifin shi Falke da kansa. Sannan ga wani kaso mai kauri na magani da asirai: fa'idoji, hatimai, addu'o'in tsari, abin da malami yake buɗewa idan mace ta zo da yaro mai zazzaɓi ko ɗan kasuwa ya zo neman sa'a.

In aka ɗauki kowanne ɗaya-ɗaya, mafi yawansu ba su da wani abin mamaki. Kwafin Risala akwai dubbansa a tsakanin Kano da Katsina da Damagaram. Darajar tarin Falke tana wajen kasancewarsa a haɗe. Mai bincike yana iya ganin wane littafi ne malamin yake da kwafi fiye da ɗaya, wanne ne hannu ya cinye gefensa, wanne ne aka cika da hashiya, wane fanni ne ya fi wani yawa. Yana iya auna nawa ne rubutun malaman ƙasar nan, nawa ne na Masar da Magrib da Andalus. Yana iya ganin cewa mutum guda ne ya riƙe fiƙihu da hatimi a ɗaki guda bai ga sun yi karo ba. Irin wannan sani ba a samunsa daga littafi guda komai girmansa. Shi ya sa tun a 1978 Abdullahi Mohammed ya rubuta kundin digirinsa na uku a Northwestern kacokan a kan Falke da littattafansa, ya karanta mutumin daga abin da ya ajiye.

Cikin irin wannan tari ne kuma ake tsintar abin da ba a je nema ba. A shekarun 1990 Hunwick da abokan aikinsa sun riƙa fitar da gajerun maƙalu a mujallar Sudanic Africa ƙarƙashin suna Falkeiana, kowacce a kan takarda guda da aka zaƙulo daga tarin. Ta farko, wadda ya rubuta tare da Hamidu Bobboyi, a kan ƙasidar yabon Mai Ali ɗan Dunama na Barno ce, sarkin ƙarni na 18. Wata kuma a kan ɗan littafin koyar da salon rubuta wasiƙa ne, wanda ba a san marubucinsa ba. Ko me ya kai ƙasidar fadar Barno cikin kayan bafataken Kano? Hanyar da ta kai kanwa da goro ita ta kai ta.

Takardar kanta shaida ce

Waɗanda ba su taɓa riƙe tsohon littafin hannu ba sukan ɗauka cewa in an ɗauki hotonsa an gama. Ba a gama ba. Littafinmu na gargajiya ba a ɗinke shi. Warƙoƙi ne a sake, a sa su tsakanin kwali ko fata biyu, a ɗaure da tsirkiya, a zura a gafaka. Hikimar ita ce malami ya zare warƙa biyu ko uku ya ba almajiri ya je ya kwafa, ko a raba wa mutum biyar su karanta lokaci guda. Illarta ita ce in gafaka ta suɓuce ta faɗi, littafi ya watse. Abin da ke ceton mai jerawa shi ne 'yar kalmar da mai kwafa yake rubutawa a ƙasan bayan warƙa, wato kalmar farko ta warƙar da ke biye. Da ita ake bin sawu. Ma'aikacin da bai san wannan ba, in ya ce zai gyara, ɓarnar da zai yi ta fi ta gara.

In aka ɗaga warƙa aka haska ta, sau da yawa za a ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar. Tambarin masana'antun arewa maso gabashin Italiya ne, irin na gidan Galvani, waɗanda suka daɗe suna yi wa kasuwannin Musulmi takarda. Ta Tarabulus da Alƙahira take shigowa, ta ratso hamada a bayan raƙumi. Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarimu, ya tarar da ita jibge a kasuwar Kano a 1851, har ya lura ana naɗe tufafi da ita. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, takardar Ingila ta fara shigowa ta Ikko. Tunda masu kwafa a ƙasarmu sun fi damuwa da rubuta sunansu da na mai littafi da neman addu'a fiye da rubuta shekara, wannan tambari yakan zama babbar madogara wajen kintatar zamanin littafi. Hoton fuskar warƙa ba ya nuna shi.

Haka tawada. Wadda aka dafa da bagaruwa da kashin maƙera aka sa mata ƙaro takan kama takarda ta zauna daram, amma ƙarfen da ke cikinta yana iya cin takardar sannu a hankali har harafi ya zama huda. Ta gawayi ba ta ci, sai dai ɗigon ruwa ya wanke ta. Kowacce da irin kulawar da take so. Salon rubutun ma haka: mai ido yana bambance hannun Barno da na Kano da na Sakkwato kamar yadda ake gane mutum da karin harshensa.

Wannan ne dalilin dokokin da sukan ba sabon shiga haushi a irin wannan sashe, ko'ina yake a duniya. Ba a ara a fita da shi. Ba a shiga da biro, sai fensir. Akwati guda ake ba ka, ka gama ka mayar kafin a kawo wani. Kwalin akwatin an yi shi da takardar da ba ta da sinadarin da ke ƙona rubutu, ɗakin kuma ana riƙe sanyinsa da laimarsa a ma'auni guda rani da damina. Sauyin yanayi daga hunturu mai busar da takarda ta riƙa karyewa zuwa damina mai kawo fumfuna, shi ne babban abokin gaban littafi bayan gara.

Mu me muka tara?

Ba a makara ba wajen fara wannan aiki a gida. Tun a shekarun 1950 W. E. N. Kensdale na ɗakin karatun Kwalejin Jami'a ta Ibadan ya zagaya Arewa yana neman rubuce-rubucen Larabci, ya fitar da fihirisarsu tsakanin 1955 da 1958. Hunwick ya kafa cibiyar adana rubutun Larabci a Ibadan a 1964. A wannan zamani ne aka fara shirin binciken tarihin Arewa da ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello, inda Abdullahi Smith da Murray Last da Muhammad al-Hajj suka yi aiki, suka tara asali da hoto. A 1970 aka mayar da gidan Sardauna na Kaduna cibiyar bincike, wato Gidan Arewa. Jami'ar Bayero tana da nata sashen. A Yamai, tarin da Boubou Hama ya assasa yana cibiyar binciken Jami'ar Abdou Moumouni, kimanin guda 4,000. Ban da waɗannan ga ma'ajiyar takardun gwamnati ta Kaduna, ga gidan tarihi na Jos, ga cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato.

Aiki ne mai girma, kuma da shi aka sauya yadda duniya take kallon tarihin wannan ƙasa. Littafin Murray Last a kan daular Sakkwato, wanda ya fito a 1967, da takardun gida aka gina shi, musamman na Waziri Junaidu, ba da rahoton Razdan ba. Amma masu tarawar suna da tambayar da suka fita nema. Maƙalun da Kensdale ya wallafa a Landan jerin talifin mutum uku ne: Shehu Usmanu, da Abdullahin Gwandu, da Muhammadu Bello. Smith a 1961 ya yi kira ne a mai da hankali kan jihadin ƙarni na 19. Don haka mai tarawa in ya shiga zaure, idonsa yana kan abin da ya shafi jihadi da sarauta da tarihi. Ya zaɓi goma cikin ɗari uku, ya ɗauki hoto, ya yi godiya, ya tafi. Ba aibi ba ne, fim yana da tsada, lokaci kuma kaɗan ne. Sai dai sakamakon shi ne mun san abin da manyan malamai suka rubuta fiye da yadda muka san abin da malamin unguwa yake karantawa, alhali a hannun na biyun jama'a suka koyi addininsu da maganinsu da waƙarsu.

A ganina wannan ne gurbin da tarin Falke ya cike, kuma ya cike shi ne saboda babu wanda ya tsaya tsince masa tsakuwa. Tarin Hunwick ma yana da irin wannan fa'ida ta wata fuska. Da yawansa bugun kasuwa ne, 'yan littattafan nan da ake ba gwanin rubutu ya rubuta da hannu, a ɗauki hoton rubutun a buga da inji, a sayar a Kurmi da bakin masallatan Juma'a kan 'yan kwabbai. Wa zai ce wannan abin ajiya ne? Takardarsu mai arha ce, ba su da bango, ana gama karantawa yara su yage. Saboda haka ne yau wasunsu sun fi tsohon littafin hannu wuyar samu, a cikinsu kuma muhawarar malaman shekarun 1950 zuwa 1980 take, ta ƙablu da sadalu, ta ɗariƙa da masu sukarta.

Zafin nisa

Duk da haka ba za a ce wa Bakano kada ya ji ciwo ba. Ɗalibin Jami'ar Bayero da ke son ganin rubutun malamin da aka binne a garinsu sai ya nemi biza, ya nemi kuɗin jirgi da na masauki da dala. Kaɗan ne suke iyawa. A zamanin da ake mayar wa Najeriya kayan tagullar Benin, dole wani ya tambaya ina labarin takardu. Amma kwatancin bai zauna daidai ba. Kayan Benin da bindiga aka kwashe su a 1897, littattafan Falke kuwa ba ganimar yaƙi ba ne. Kuma mai gaskiya zai tambayi kansa, da sun zauna a Kano, da yau suna haɗe?

Akwai hanya ta uku da aka gwada tun da daɗewa. A Jami'ar Gana da ke Legon, a shekarun 1960, Ivor Wilks da abokan aikinsa na cibiyar nazarin Afirka sun riƙa aron littattafai daga malaman zango da na arewacin Gana, su ɗauki hoto, su mayar wa mai abu abinsa. Ta haka aka adana da yawa daga rubutun Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya yi zamani a Salaga ya rasu a 1934. Kwafin wannan tari ne ya isa Evanston. Mai littafi bai rasa komai ba, jami'a biyu sun samu. Kyamarar zamani ta sauƙaƙa wannan hanya ninkin ba ninki. Shirin ceton takardun da ke cikin haɗari na babban ɗakin karatun Birtaniya, wanda aka fara a 2004, a kan wannan ƙa'ida yake tafiya: asali ya zauna a ƙasarsa. Jami'ar Boston ma ta ɗora tarin ajamin Hausa a intanet ta wannan hanya.

Sai dai hoto ba tare da fihirisa ba tsibi ne kawai. Wani sai ya zauna ya buɗe warƙa ɗaya-ɗaya, ya gano sunan littafi ko da farkonsa ya ɓata, ya rubuta marubuci da mai kwafa da yawan warƙoƙi da girmansu da layin farko da na ƙarshe. Aikin shekaru ne, ba ya kawo suna, ba a kiran gwamna ya yanke masa kyalle. Kuma ba ya yiwuwa sai da wanda ya san littattafan tun daga zaure, wanda in ya ga layi biyu zai ce wannan daga tsakiyar Ishiriniya ne. Ba a banza ba 'yan Najeriya da suka yi karatu a Northwestern, irin su Bobboyi da Muhammad Sani Umar, suka kasance cikin waɗanda suka yi aiki a kan waɗannan takardu. Da irin wannan fihirisa Hunwick ya gina mujalladi na biyu na babban aikinsa a kan adabin Larabci na Afirka, wanda ya fito a 1995, ya jera marubutan yankinmu da talifinsu da inda kowane kwafi yake. Abin takaici shi ne masu irin wannan ido suna nan birjik a Madabo da Sanka da Zariya da Gwandu, amma tsarin ɗaukar aiki na jami'a takardar shaida yake tambaya, ba ya tambayar wane littafi ka sauke.

Sannan ga maganar asirai, wadda ba ta da amsa mai sauƙi. Malamin da ya rubuta fa'ida a kundinsa bai rubuta ta don kowa ba. Da izini ake bayarwa, baki da baki, wani lokaci ma da gangan ake tsallake sharaɗi guda a rubuce don kada ta yi aiki a hannun wanda bai cancanta ba. Ɗakin karatu kuwa addininsa buɗewa ne. In an ɗora irin wannan a intanet, an saɓa wa nufin mai shi. In an ɓoye, an yanke wani babban ɓangare na tarihin magani da lissafi da tunanin jama'a. A gida kuma wannan kaso ne ya fi shiga haɗari, domin magajin da ya ɗauki abin bidi'a ne ba zai kai shi jami'a ba, rami zai haƙa masa ko ya cinna masa ashana, yana ganin ya tsarkake gidan mahaifinsa. Ni dai ina ganin a karɓa, a rubuta a fihirisa cewa akwai shi, a bar mai bincike ya zo ya duba a zaune, amma maganar watsa hotonsa a bar wa iyalin mai kundi su yanke.

Kayan aikin gyara ba su ne matsalar da ta fi girma ba. Lokacin da Michaelle Biddle ta ɗakin karatun Jami'ar Wesleyan ta zagaya ma'ajiyoyin Arewa a 2008, ta kuma dawo ta horar da ma'aikata, yawancin abin da ake koyarwa a irin wannan horo mai arha ne: a share ƙura da buroshi mai laushi, a ɗaga kaya daga ƙasa, a nisanta su da bango, a yi musu akwati daidai jikinsu, kada a liƙa salatif, kada a narka musu leda. A Gidan Arewa an yi irin wannan aiki a kan littattafan Modibbo Ahmadu Fufore na Adamawa, waɗanda su ma aka karɓa a matsayin tarin mutum guda da sunansa.

Abin da ya fi wuya shi ne tun farko littattafan su iso ƙofar jami'a a haɗe. Fiƙihun da ke cikin gafakar ya riga ya tanadi ƙofa: malami yana iya yin waƙafin littattafansa tun yana da rai, su fita daga dukiyar da za a raba, ya kuma faɗi inda za su zauna da wanda zai kula. Magada ma suna iya ba jami'a ajiya da yarjejeniya a rubuce, mallaka tana hannunsu, sunan mahaifinsu yana kan akwati, a ba su hoton komai. Amma babu dattijon da zai miƙa gumin rayuwarsa sai ya je da ƙafarsa ya ga ɗakin, ya ga rufin ba ya yoyo, ya ga abin da wani ya kawo shekaru 20 da suka wuce yana nan, an kuma iya ɗauko masa shi cikin minti 10 in ya faɗi lambarsa.